Da'irar Na-Sani

A duk layin ba a taɓa samun wanda ya kai ƙarshen magana a gaban mai shagon buga takardu ba. Kana buɗe baki ka ce, "Ka ji an ce," zai ɗaga maka hannu ya ce ai ya sani. Likita ya fara yi masa bayanin magani, ya sani. Direba ya fara gaya masa hanyar gaba a rufe take, ya sani, sai sun je sun juyo. Shi ya sa aka laƙaba masa Na-Sani, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don a zatonsa lambar yabo ce. Ba mugun mutum ba ne, kowa ya shaida. Kunne ne dai Allah ya ba shi na ado.

A bana sai ya kamu da son kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni layi-layi ta yi maka abin da kake so. A bidiyon waya yake koyo. Yana tsallake farkon darasi don ya san shi, yana tsallake ƙarshe don ya riga ya gane. Ba a jima ba ya sauke allon shagonsa, ya sa aka ƙara "da Injiniyan Kwamfuta" daga ƙasa. Tela, maƙwabcin shagonsa kuma abokin tsokanarsa tun suna samari, ya karanta allon, ya tambaye shi ko yanzu kwafin zai daina fitowa da baƙin layi a tsakiya. Na-Sani ya ce wannan ƙaramin aiki ne, ba na injiniya ba.

Matarsa, wadda unguwa ke kira Mai Kek, mace ce mai hannu da ƙarancin surutu. Ta daɗe tana gasa ƙananan kek tana kai wa shaguna, sai ga babbar dama ta faɗo mata. Makarantar da ke bayan layin za ta yi walimar sallamar shugabarta da ta yi ritaya, aka ba Mai Kek aikin kek mai hawa uku. An kuma raɗa mata cewa sabuwar shugaba na neman wadda za ta riƙa ba duk aikin makarantar, kuma da wannan kek ɗin za ta yanke shawara. Burinta ke nan na shekara da shekaru, kuma tsoro ya cika ta kada wani abu ya ɓata mata shi.

Tana da wani teburin turawa mai ƙananan tayoyin roba, a kansa za a shigar da kek ɗin ɗakin taro. Tebur ne mara fasali, amma bai taɓa ba ta kunya ba. Na-Sani ya zagaya shi a kicin yana girgiza kai.

"Da wannan za ki shiga gaban manyan mutane? Sai ka ce gadon asibiti."

Ya ce ta bar masa komai. Zai sa masa manyan tayoyin katako masu ruwan zinare, irin na keken doki da ake zanawa a littattafan yara. Da kodin zai zana da'irar a kan giraf, allon nan mai layuka a tsaye da a kwance kamar takardar lissafi, sannan ya tura lambobin wurin masu injin da ke yanka katako da kwamfuta. Da'ira za ta fito wadda hannun ɗan Adam bai taɓa ba. Abin da bai faɗa ba shi ne, shugabar da za a sallama ita ta koyar da shi lissafi yana yaro, kuma ta sha gaya masa a gaban aji cewa yana amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba. Ya daɗe yana jiran ranar da za ta ga abin da ya zama.

Surukarsa ta zo taya 'yarta gashi, tana gefe tana tankaɗe fulawa. Ita dattijuwar ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, kullum sai ta bi ta kan 'yarta, ko da yana tsaye a gabanta.

"Ki tambayi mijinki," ta ce, "tayoyin da ke jiki laifin me suka yi?"

Na-Sani ya ce a gaya wa Inna duniya ta ci gaba. Mai Kek ta so ta ƙi, amma ta ga yadda idonsa ke ƙyalli, zuciyarta ta yi laushi. Ta ce ta yarda da sharaɗi ɗaya, ya adana mata tsofaffin tayoyin ko da za a… Ya ce ya sani. Washegari ya kwance su ya miƙa wa motar masu kwasar tsofaffin ƙarafa, wai don kada wani ya yi sha'awar komawa baya.

Bai yi aikin a ɓoye ba. Ya juyo da fuskar kwamfutar tana kallon ƙofa, ya kira Tela, ya kira mai aski na ƙarshen layi, wanda ya taho da almakashi a hannu ya bar mutum a kujera da rabin kai. Ya yi musu bayani cewa ita da'ira a kwamfuta ɗigo-ɗigo ake jerawa a zagaye, sai a haɗa su da layi. Masu ƙaramin sani ne ke ɓarnar ɗigo, shi huɗu sun ishe shi. Ya danna maɓalli da ɗan yatsa ɗaya yana kallon jama'a, ba ya kallon allo.

Abin da ya fito kusurwa huɗu gare shi, tsaye a kan tsini.

Tela ya sauke tabarau ya duba. Ya ce shi dai a sana'arsu wannan facin gwiwar wando suke kiransa. Na-Sani ya ce da'ira ce tana ƙuruciya, kuma da gangan ya yi don su ga matakan aikin. Ya ƙara ɗigo da yawa. Sai dai ita kwamfuta tana da nata salon ƙidaya kusurwa wanda ba irin na 'yan makaranta ba, kuma bayanin haka yana ƙarshen darasin da ya tsallake. Layuka suka haukace, suka riƙa tsallaka juna daga wannan gefe zuwa wancan. Tela ya ce yanzu kam ya gane abin, haka zare ke yi masa a ƙarƙashin keke idan ya cukurkuɗe. Wata mata da ta zo kwafin takardun asibiti ta gaji da tsayuwa, ta tambaya ko a cikin masu kallon akwai mai shagon. Na-Sani ya ce ta dawo gobe, ana kan babban aiki.

Sai can bayan azahar, bayan ya kwafo wani layi daga wani wuri ya liƙa, aka samu zagaye mai santsi, babu tsini ko ɗaya. Amma a kwance yake, ya yi faɗi, kamar ƙwai a faranti.

To a nan ne abin tausayin yake, domin a wannan karon lissafin Na-Sani daidai yake. Da'ira ce cikakkiya a lambobi. Giraf ɗin ne kwamfutar ta ja shi don ya cika faffaɗan allo, akwatunansa suka fi faɗi a kwance fiye da tsayi, shi ya sa zanen ya baje. Layi ɗaya tak ake ƙarawa a ce mata ta daidaita ɓangarorin biyu. Wannan layin ma yana ƙarshen bidiyo.

Na-Sani ya jingina da kujera ya sanar da cewa ya kama kwamfuta da kuskure. Ya ce ita ma ɗan Adam ne ya ƙera ta, sai an samu mai gyara mata zama. Ya ari kofin shayin Tela, ya kifa bakinsa a jikin allon, ragowar shayin ya gangaro cikin maɓallai. Ya shiga rage lambobin faɗi kaɗan-kaɗan, yana matse zanen daga gefe, yana leƙawa ta bayan kofin, har layin ya bi bakin kofin ciccif. Mai aski ya tafa da almakashi a hannu. Tela ma ya ce wannan kam ta zagayu. A allo da'ira ce da babu mai kushe ta. A lambobi kuwa ya mayar da ita ƙwai, wannan karon a tsaye.

Ya tura lambobin. Mai injin yankan katako ya kira shi a waya, ana jin ƙarar zarto a bayansa, ya fara cewa a nasa allon abin ya fito kamar… Na-Sani ya ce ya sani, tsohuwar kwamfuta ce da su, ya riga ya gyara wannan matsalar daga nan, su yanka yadda ya turo kada su taɓa masa ko ɗigo. Mutumin yana da layin aiki a gabansa, ya ce to.

Da aka kawo tayoyin huɗu aka ajiye su a gaban shago, mutanen layin suka zo kallo. Tela ya ɗaga ɗaya, ya juya shi, ya tambaya wace kaza ce ta yi wannan ƙoƙarin. Na-Sani ya ce ido ne ke yaudara, zanen jikin katakon ne ya bi tsaye shi ya sa ake ganin tsayi, da an shafa fenti za su zagaye. Ya shafa ruwan zinare har sau biyu. Suka fito ƙwai na zinare.

Ya ɗaura su a bayan shago inda Mai Kek ba za ta gani ba, ya tura. Teburin ya ɗaga sama, ya tsaya yana tunani, ya faɗo ƙasa da ƙara, ya sake ɗagawa. A wannan lokacin da Na-Sani ya tafi gida ya faɗi gaskiya, da an samu aron tayoyi a wani wuri. Amma Tela na tsaye yana danne dariya, kuma Na-Sani ya gwammace komai da ya ce bai sani ba a gaban Tela. Sai ya ce ai da ma bai gama saiti ba. Idan aka ɗaura tayar dama a tsaye, ta hagu a kwance, to lokacin da wannan ke hawa waccan na sauka, sai su kashe juna, tebur ya tafi sumul. Ya ce wannan lissafi ne mai zurfi. Ya sake ɗaurawa haka. Tela ya ce a gwada mana. Na-Sani ya ce injiniya ba ya gwada abin da lissafi ya riga ya tabbatar, ya sa Tela ya ɗinka masa dogon farin ƙyalle da zai rufe teburin har ƙasa, wai don kada a ga tayoyin sai ranar.

Da ya koma gida Mai Kek tana durƙushe gaban obin ɗin gasa kek, gumi na zuba, ta tambaye shi ko tebur ya yi. Ya ce ya wuce yi. Surukarsa ta ce a tambayi mijin ko ya tura shi ya gani. Ya ce a gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta.

Ranar walima a mota aka kai teburin, mutum biyu suka ɗauke shi suka ajiye a bakin ƙofar ɗakin taro, don haka ko taku ɗaya bai gangara ba. Mai Kek ta jera kek ɗinta a kan babban faranti, hawa uku, fari fat, da furannin sukari da ta yi da hannunta ɗaya bayan ɗaya. Malaman da suka leƙo suka riƙa ɗaukar hoto. 

Ɗakin ya cika da iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai. Tsohuwar shugaba na zaune a gaba, sabuwar na gefenta. Mai gabatarwa ya ce a shigo da kek, amma kafin ya ajiye abin magana Na-Sani ya karɓe. Ya gaida Malama, tsohuwar shugaba, ya tuna mata shi ɗalibinta ne, ya ce abin da za su gani yanzu an zana tayoyinsa da kodin a kan giraf, babu hannun mutum a ciki, kuma ya samu kwamfuta da kuskure ya gyara mata. Aka tafa masa. Aka saki kiɗa. Ya kama teburin ya tura.

Tebur ya karkata dama. Ya dawo ya karkata hagu. Ya sake dama. Lissafin mai zurfi ya hana shi tsalle, ya koya masa rangaji. Kek mai hawa uku ya taho tsakiyar jama'a yana kaɗa kafaɗa, kuma abin mamaki, yana bin kiɗan daidai. Mutane suka zaci cikin shiri ne, suka fara tafi suna bin sautin. Wata tsohuwa ta miƙe tana taya shi rawa. Mai Kek na biye a baya, hannuwanta a miƙe, tana cewa a hankali, Maigida, a hankali. Na-Sani ya ji tafi ya shiga kansa. Ya ce mata ya sani, ya ƙara sauri.

Hawa na sama ya fara zamewa. Gefen ƙyallen ya shiga cikin taya, taya ta naɗe shi, ta fizge shi gaba ɗaya daga ƙarƙashin farantin, sai ga ƙwai huɗu na zinare a fili kowa na gani. Daga can baya aka ji muryar Tela ya ce, "Ga su nan." Tayar gaba ta hau kan tsininta ta cije, teburin ya tsaya cak ya ɗaga baya, sannan ya dawo ya kwanta ta wajen mai turawa. Faranti ya sulalo. Na-Sani ya saki teburin ya tara hannu biyu, farantin ya sauka a kan damatsansa, hawa na sama ya zo ya manne masa a fuska daga goshi har haɓa. Teburin ya kife gefe, taya ɗaya na juyawa a sama tana ɗingishi.

Kiɗa ya tsaya. Ta cikin kirim ɗin kek, da ido ɗaya, Na-Sani ya hango fuskar matarsa. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba, furanninta kawai take kallo. Kunya da nadama suka rufe shi, irin waɗanda bai taɓa ji ba. Ya buɗe baki zai yi bayani.

"Kada ka motsa," ta ce. "Ko numfashi ka yi shi a hankali."

Ta zaro wuƙar shafa kirim daga aljihun rigar aikinta. Ta ɓamɓare hawan saman daga fuskarsa ta miƙa wa Inna, ta shafe saman na biyu, ta tsinto furannin da suka tsira ta jera su a kai, ta goge gefen faranti. Kafin mutane su gama dawowa hayyacinsu, ga kek mai hawa biyu tsaf, ba ka ce wani abu ya same shi ba. Babu wani tebur a kusa, don haka ta kama gwiwar hannun mijinta ta ja shi a hankali har gaban baƙi, ta tsayar da shi a nan.

A nan ya tsaya. Aka yi jawabin shugaban iyaye, mutum mai son tarihi, wanda ya faro daga ranar da aka aza harsashin makarantar. Aka yi na malamai. Hannuwan Na-Sani suka fara karkarwa, kirim na narkewa yana gangaro masa cikin wuya, kuma duk wanda ya zo ɗaukar hoto da Malama sai ya ce masa tebur ya ɗan matsa hagu.

Da aka zo yanka kek, tsohuwar shugaba ta dube shi ta saman tabarau, ta ce ina zanen. Tela, wanda bai taɓa jinkiri wajen irin wannan taimako ba, ya zaro wayar daga aljihun Na-Sani ya nuna mata hotunan giraf ɗin da Na-Sani ya ɗauka, na kafin gyara da na bayansa. Ta duba na ɗan lokaci.

"Ɗana, dubi akwatunan. Faɗinsu ya fi tsayinsu. Da'irarka ta farko ita ce daidai, allon ne ya ja ta. Da ka…"

Ta dakata, ta jira shi, don ta san ɗalibinta. Ɗakin ma ya jira. 

"Ƙarasa, Malama," ya ce. "Ina ji."

Malama ta ce shekara talatin tana jiran wannan kalma, ashe sai ranar ritayarta za ta ji ta. Aka kwashe da dariya, aka yanka kek a kan hannunsa. Sabuwar shugaba ta ci yanka ɗaya, ta nemi ƙari, sannan ta ja Mai Kek gefe. Ta ce kek ɗin ya yi, amma abin da ya fi burge ta shi ne macen da abu ya rushe mata a gaban jama'a ta tashe shi ba tare da ta ɗaga murya ba. Aikin makaranta nata ne. Sharaɗi ɗaya, a riƙa shigo da kek a hannu. Mai Kek ta ce kada ta damu, tana da mai ɗauka, kuma ya samu horo.

Da safe Na-Sani ya zauna karyawa, hannuwansa sun yi tsamin da ko kofi da ƙyar yake ɗagawa. Ya ce wa matarsa ta yafe masa, yau zai bi sawun motar tsofaffin ƙarafa ko Allah zai sa a dace da tayoyinta. Ta ce ya wuce, ta ajiye masa faranti a gaba. Dafaffen ƙwai ne guda huɗu, an ɓare su, an jera biyu a dama biyu a hagu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

Surukarsa ta kurɓi shayinta, ta dubi 'yarta.

"Ki gaya wa mijinki ya ci da'irarsa tun da zafi."